Gwanja Tana Nan, Mu Ne Muka Daina Zuwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen cinikin goro a nan Ibadan, ko a Shagamu, ya ji matan Yarabawa suna kiran "obi gbanja". Su goro iri biyu suka sani. Akwai abata, nasu na kaka da kakanni, mai ɓari uku ko huɗu, wanda suke fasawa wajen suna da aure da sauran al'adunsu. Sai kuma gbanja mai ɓari biyu, wanda mu muke ci, muke ɗaurewa huhu-huhu muna lodawa Arewa. Kwanan baya muka gwada tambayar samarin Sabo, har da 'ya'yan gidajen da goro ya gina, me ake nufi da gbanja. Wani ya ce Yarabanci ne kawai. Wani ya ce ai sunan mawaƙin nan ne na Kano. Aka yi dariya, amma mu dariyar ba ta kai mana ciki ba. Gbanja dai Gwanja ce, bakin Bayarabe ne ya murɗa ta. Gwanja kuwa ƙasa ce, tana nan a arewacin Gana har gobe, da sarakunanta da garuruwanta. Babbar kasuwarta, Salaga, ita ce garin da kakanninmu suka riƙa takawa da ƙafa, shekara da shekaru, kafin a san akwai wani wuri wai shi Sabo.

Abin da zai ba ku mamaki shi ne, ita Gwanja ba ta da itacen goro. Ƙasar sarari ce irin tamu ta Arewa, ta kaɗe da ɗorawa da kuka. Goro a kurmin Tonawa yake, wato Asante, can kudu. Tonawa ne ke ɗauko shi a ka su kawo Gwanja, mu kuma mu tarye shi a can. Sunan kasuwa ne ya bi kaya, kamar yadda har yanzu mukan kira kaya da sunan tashar da aka loda su, ba gonar da aka noma su ba.

Hanyar ta daɗe ƙwarai. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja a zamanin Sarki Abdullahi Burja, wato tun ƙarni na 15. A wancan lokacin ba a Salaga ake cin kasuwar ba, akwai garuruwa irin su Buipe da Kafaba a bakin kogin Balta da suka riga ta. Salaga ta yi tashe ne daga baya, kuma abubuwa uku ne suka haɗu suka ɗaga ta. A tsakiyar ƙarni na 18 Tonawa suka ci Gwanja da Dagwamba da yaƙi, suka ɗora musu haraji. Daga 1804 aka yi jihadin Shehu, aka kafa daula mai faɗi wadda ta hana giya, sai goro ya zama shi ne abin baƙo da na biki da na gaisuwar manya, buƙatarsa ta ninka. A 1807 kuma Ingila ta haramta cinikin bayi ta teku, sai Tonawa suka ƙara juyo da fuskarsu arewa suna neman abin sayarwa. Sarkin Kumasi ba ya son fataken Arewa su kutsa cikin kurmi su ga gindin goro da idonsu, saboda haka ya tsayar da kasuwa a bakin iyaka, ya sa wakilansa su tsare hanya. Wannan kasuwar ita ce Salaga.

Mu da muke ƙorafi in tirela ta kwana biyu a hanyar Jabba, ya kamata mu ji yadda ake wannan tafiya. Ayari yakan tashi daga Kano ko Sakkwato bayan an cire amfanin gona, ya bi ta Jega, ya haye Kwara ta wajen Yawuri ko Ilo, ya ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Jugu, wasu su ɓulla ta Sansanin Mango, a sauko Yandi, sannan Salaga. Ku lura da sunan nan Sansanin Mango. Yau garin yana cikin Togo, amma rabin sunansa Hausa ne. A 1826 Baturen nan Kilafatan ya gamu da ayarin Hausawa a Kayama, ta jihar Kwara a yanzu, suna dawowa daga Gwanja, ya ƙiyasta su da mutum fiye da 1,000 maza da mata, da dabbobin kaya kwatankwacin haka. Madugu shi ne uban tafiya, shi ke shiga gaban sarakunan hanya a daidaita kuɗin fito da na wucewa. Akwai jagaba a gaba, akwai uban dawaki mai tattara abin da kowa zai bayar, akwai malamin ayari mai duba ranar tashi da rubuta lissafi. Bargu ta yi ƙaurin suna wajen tare hanya, don haka ba a tafiya sai da makamai. Zuwa da dawowa kan ci wata shida, wani lokacin har shekara. Gidajen da suka fi riƙe wannan fatauci su ne Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, kuma in muka bi salsalar wasu manyan gidajen goro na yau, can za mu tarar da su.

Abin da ake kai wa Salaga: kanwa, da turkuɗi, da riguna, da jemammun fatu, da takalma, da tozali, da gabu, da dawaki da jakuna. Abin da ake dawowa da shi goro ne, kuma nan wahalar take. Kowa a unguwar nan ya san halin goro. Ba ya son zafi, ba ya son iska, ba ya son ruwa ya yi masa yawa, in kuwa sankara ta shiga ɗaya aka yi sakaci, ta ci ƙwarya guda. To a ce wata biyu ko uku kana kan hanya da shi a bayan jaki, kowane 'yan kwanaki sai an sauke an kwance, a tsince wanda ya ɓaci, a yayyafa ruwa, a sake ganye a ɗaure. Wannan sanin da yaranmu ke koya a shagunan goro, suna ganin kamar aikin banza ne, a kan wannan hanyar aka ƙware da shi.

Ita kanta Salaga, in aka kwatanta muku ita, sai ku ce Sabo ake nufi. Sarkin ƙasar ba ya zaune a cikinta. Yana Kpembe, ɗan ƙaramin gari kusa da ita, shi da 'yan sarautarsa. Salaga garin baƙi ce: Hausawa, Wangarawa, Barebari, Nufawa, Mosawa, Dagwamba, Fulani, har da Yarabawa. Kowace ƙabila da unguwarta da masallacinta, amma harshen kasuwa Hausa ne. Falke in ya iso sai ya sauka gidan mai gida, shi zai ba shi masauki, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in an yi bashi, ya ɗauki la'adarsa. Ba abin da ya bambanta da yadda iyayenmu suka riƙa yi a nan da fataken shanu da na goro. Sarki na karɓar gaisuwa da haraji, baƙi na cin kasuwa, kowa ya san iyakarsa. Ruwa ne babbar matsalar garin, don ba ta bakin kogi. Sai aka haƙa rijiyoyi birjik a cikin marmara, har ake mata kirari da garin rijiya dubu. Da rani ruwa sai an saya a kasuwa, kuma Turawan da suka ratsa ta, irin su Bafaranshen nan Binja a 1888, sun yi ta kukan ruwanta.

Yanzu ga wurin da ba mu cika son tsayawa ba in ana hirar Gwanja. Salaga ba goro kaɗai ake sayarwa a cikinta ba. Tana cikin manyan kasuwannin bayi na wannan yanki. Harajin da Tonawa suka ɗora wa Gwanja da Dagwamba har da mutane ake biyansa, su kuma sai su kai hari kan ƙabilun da ba su da manyan sarakuna, su kamo su biya. A shekarun 1880 mayaƙan Zabarmawa ƙarƙashin Babatu suka yi ta kai farmaki ƙasar Gurunsi, kuma da yawan waɗanda suka kama a Salaga aka sayar da su. Fataken ƙasar Hausa sun saya, sun sayar, wasu sun zo da bayi daga gida sun musanya da goro, wasu bayin kuma su ne 'yan dakon da suka ɗauki kayan. Wanda ya je Salaga yau za a kai shi wurin da ake wanke bayi a shafa musu man kaɗe kafin a fito da su kasuwa. Sunan wurin Wankan Bayi. Za a kuma ba shi labarin inda ake yar da gawar wanda ya mutu, ana ce masa Rafin Angulu. Ba sai an yi mana fassara ba. Baƙi daga Amurka da Jamaika sukan zo su tsaya a wurin suna kuka, mai yi musu jagora yana fassara musu sunayen da Turanci. Mu kam da harshenmu aka raɗa su, kuma harshe ba ya raɗa wa wuri suna sai masu shi sun zauna a wurin sun yi harka.

Ba muna faɗin wannan don mu zagi kakanninmu ba ne, Allah Ya jiƙansu, Ya yafe musu. Kuma igiyar nan ta ɗaure namu ma. Hausawa nawa aka kama a yaƙe-yaƙe aka gangaro da su ta ƙasar nan da muke zaune, aka loda su a Badagiri da Ikko zuwa Barazil, har suka yi ta tayar da bore a Bahiya a farkon ƙarni na 19? Amma in za mu yi alfahari da madugai, kuma ya kamata mu yi, to mu faɗi labarin duka. Mun ji ana gaya wa yara cewa cinikin bayi aikin Turawa ne kaɗai. Yaron da aka gaya wa haka, ran da ya tsaya a Wankan Bayi zai gane an rage masa zance, daga nan kuma sai ya fara shakkar sauran abin da muka gaya masa.

Faɗuwar Salaga ba daga cikinta ta fara ba. A farkon 1874 sojojin Ingila suka shiga Kumasi suka ƙone ta. Abin takaici ko abin dariya, cikin rundunonin da aka haɗa don wannan yaƙi har da sojan Hausa na Gulofa, waɗanda aka fara ɗauka a Ikko a 1863, da yawansu bayi ne da suka gudo daga hannun iyayengijinsu. Da labari ya iso arewa cewa Tonawa sun sha kashi, sai mutanen Gwanja suka yi tawaye, suka kashe Tonawan da ke zaune a cikinsu. Su sun samu 'yanci, amma kasuwa ta samu rauni, don goron a hannun Tonawa yake. Suka karkatar da shi zuwa Kintampo, daga baya wani ya riƙa bi ta Atebubu da Kete-Karachi. Madugai kuwa ba garin suke so ba, goro suke so, sai suka bi shi.

Abin da ya ƙarasa ta rikicin sarauta ne, wanda babu ruwan baƙi a ciki. Sarautar Kpembe gidaje uku ke karɓa-karɓa. A 1892 aka samu saɓani, wani ɗan sarauta mai suna Isifa ya nemo gudummawar Dagwamba da Nanumba, aka gwabza, ya ci. Aka washe Salaga, baƙi suka watse cikin 'yan kwanaki. Wasu suka nufi Kete-Karachi, wasu Yeji, wasu Kintampo, wasu Kumasi, wasu har Ankara a bakin teku. Da yawan zangunan da ke Gana a yau daga wannan watsewa suka samu mutane da malamai. Ana cikin haka Turawan Ingila da na Jamus suna ta ja-in-ja a kan yankin, sun ajiye shi a matsayin ƙasar da ba ta kowa ba tun 1888, sai a 1899 suka raba: Salaga ta faɗa hannun Ingila, Yandi da Kete-Karachi hannun Jamus. Hanyar da madugu ke bi da gaisuwa da goron sarki ta koma hanyar kwastan da takarda.

Cikin waɗanda yaƙin ya rutsa da su akwai Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858, asalin gidansu Kabi. Ya yi karatu, ya bi hanyar fatauci kamar mahaifinsa, ya zauna Salaga, da ta watse ya koma Kete-Karachi ya zama limami, a can ya rasu a 1934. Ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausa, a kan yaƙin Salaga, a kan zuwan Nasara, a kan talauci da wadata. Ya kuma rubuta wa wani jami'in Jamus mai suna Mishilik labaran ƙasar Hausa da sana'o'inta da ajami, shafuka masu yawa, waɗanda har yau masana ke sha daga gare su. Almajiransa sun bazu a zangunan Gana da Togo. Muna ganin abin kunya ne a ce ɗaya daga cikin manyan marubutan Hausa a ƙasar baƙunta ya yi rayuwarsa, kamar mu, amma a makarantun unguwar nan da wuya ka samu yaron da ya taɓa jin sunansa.

To yaya aka yi goron ya biyo mu nan? Da hanyar ƙasa ta lalace, sai masu wayo suka koma teku. Ana saye a Kumasi, a sauko da shi bakin ruwa, a sa a jirgi zuwa Ikko. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, Ba'agale ne, yana cikin waɗanda suka yi wannan hanya daga Gwalkwas kafin ya koma kan gyaɗa. Jirgin ƙasa ya iso Ibadan a 1901, ya kai Kano a 1911, tafiyar watanni ta koma ta kwanaki. Daga nan manoman Agege da Otta suka ga ai irin goron nan yana yi a ƙasarsu, suka fara shuka shi, ya bazu zuwa Shagamu da sauran ƙasar Remo da Ijebu da kewayen Ibadan. Suka riƙe sunansa, gbanja. Da goro ya zo, sai masu sanin goro suka biyo shi, ga kuma cinikin shanu da ke gangarowa daga Arewa. A 1916 aka yanka wa Hausawan Ibadan wannan fili aka ce su taru wuri ɗaya. Baturen nan Abner Cohen, wanda ya zauna da iyayenmu a farkon shekarun 1960 ya rubuta littafi a kan Sabo, abin da ya kwatanta na mai gida da dillali da amana tsakanin Arewa da Kudu, tsarin Salaga ne aka ɗauko aka dasa, kamar yadda aka dasa goron.

Shi ya sa in muna karanta labarin 1892 gabanmu ke faɗuwa. Garin baƙi ne da ya dogara da haja ɗaya, da hanya ɗaya, da zaman lafiyar masu masauki. Mutanen Salaga sun gina gidaje, sun haƙa rijiyoyi, sun haifi 'ya'ya da jikoki a can, wasunsu ba su taɓa ganin Kano ba. Wanda ya ga abin da ya faru a Shagamu a 1999, ko a kasuwar Shasha a watan Fabrairun 2021, ba ya bukatar a zana masa yadda ake ɗaure kaya cikin dare. Alhamdu lillahi, mu an zauna an sasanta, kuma zamanmu da Yarabawa ya fi ƙarni, da auratayya da amana. Amma wanda ya san Salaga ba zai ƙara cewa shawarar sarakunan gari da siyasarsu ba ta shafe mu ba tunda mu kasuwa ta kawo mu.

Mutanenmu da yawa suna zuwa Gana, amma iyakarsu Ankara da Kumasi, a sari kaya a juyo. Muna roƙon wanda Allah Ya hore wa, ya ƙara kwana huɗu ko biyar ya haura arewa. Hanyar ba baƙuwa ba ce: Legas, Seme, Kwatano, Lome, a shiga ta Aflawo. Ƙa'idar ECOWAS ta ba mu kwana 90 ba biza, amma a riƙe fasfo ko takardar tafiya ta ƙungiyar, da katin rigakafin shawara, a kuma tanadi haƙuri don bodoji uku ne. Tun daga Ankara za ku fara jin kamar ba ku bar gida ba. Abincin da duk Gana ke ci da safe, shinkafa da wake, sunansa wakye, daga wake. Akwai koko da suke kira Hausa koko, da kose wato ƙosai, da tuwon zafi, da fula. A Nima da Sabon Zango da zangon Kumasi Hausa ake yi, sai dai tasu ta sha bamban. Ba ruwansu da "ta", mace ma "ya zo" ne, kuma ƙa da ɗa duk sun miƙe. Kada a yi musu dariya. Mu ma in mun je Kano ana gane Hausar Sabo tun daga sallama.

Daga Kumasi akwai hanya biyu. Mai sauƙi ita ce ta Kintampo zuwa Tamale, sannan a gangaro Salaga, tafiyar kilomita ɗari da 'yan kai. A Kintampo akwai wurin da ruwa ke zubowa daga kan dutse hawa-hawa cikin inuwar itatuwa, ya isa a tsaya a huta, a kuma tuna nan ne kasuwar goro ta koma bayan 1874. Amma mu mun fi son tsohuwar hanya, ta Ejura da Atebubu zuwa Yeji, don ita ce wadda 'yan dakon Tonawa suka bi da goro a ka. A kan idonka kurmi ke sirancewa har ya zama sarari. A Yeji mota ke shiga jirgin fito a haye zuwa Makango. Da can kogi ne ake hayewa da kwalekwale. Tun da aka gama madatsar Akosombo a 1965 ya zama tafki, ɗaya daga cikin mafi girma da ɗan Adam ya yi a duniya, kuma har yanzu ana ganin kawunan matattun itatuwa tsaye a cikin ruwa. Ruwan nan ne ya cinye tsohon garin Kete-Karachi inda Alhaji Umaru ya yi limanci, aka sake wa mutane matsuguni a tudu. Jirgin fiton ba ya tashi don saurin kowa, a je da guzuri.

Kada wanda ya isa Salaga ya sa ran ganin birni. Gari ne madaidaici, hedikwatar ƙaramar hukuma, mai kasuwar doya da babura. Tsohuwar kukar da ake ɗaure bayi a gindinta ta faɗi tuntuni, an dasa wata a gurbinta. Akwai sarƙoƙi da mari da aka adana ana nuna wa baƙi, akwai rijiyoyin, wasu sun cike wasu har yanzu ana ɗiba. Hausa kuwa tana nan a bakin mutane. A yi sallama a fadar Kpembe kamar yadda madugai ke yi, a nemi dattawan unguwanni a zauna da su, don abin da ke bakinsu ya fi abin da ke kan allon da aka kafa wa 'yan yawon buɗe ido. Mai sauran ƙarfi ya ƙarasa Yandi, fadar Ya-Na sarkin Dagwamba, inda kabarin Babatu yake.

In an koma Tamale, sai a yi yamma ta Damango, inda babban sarkin Gwanja duka yake zaune, a je Larabanga. Masallacin garin na ƙasa ne, fari fat, da hasumiyoyi masu tsini da itatuwa a soke a jikinsa, ga kuka a jingine da shi. Mutanen garin sun ce tun 1421 aka gina shi, masana da yawa kuma suna kai shi ƙarni na 17. Ba ginin Hausa ba ne, kada mu yi saurin cewa namu ne. Salon Wangarawa ne, danginsa suna Kong da Bobo Julaso, bai yi kama da masallacin Zariya na Babban Gwani ba. A shekarun 1970 aka yi masa yaɓen siminti da niyyar alheri, sai simintin ya riƙe danshi, itatuwan ciki suka ruɓe, gara ta shiga. Sai da aka ɓamɓare shi a farkon shekarun 2000 aka koma yaɓen ƙasa sannan ginin ya tsira. Kwamitocin masallatanmu masu son rushe tsoho a zuba kankare, a ji wannan.

Kilomita kaɗan daga nan sai gandun dajin Mole, mafi girma a Gana, fiye da murabba'in kilomita 4,500. An keɓe shi a 1958, ya zama gandun ƙasa a 1971. Masaukin baƙi yana kan tudu, a ƙasa akwai tafkuna, da rani giwaye ke zuwa sha da wanka kana zaune kana kallo. Ana shiga dajin da ƙafa da sassafe tare da ma'aikaci mai bindiga, a ga mariya da gwanki da mugun dawa, gwaggon biri kuma har ɗaki yake biyo mutum in ya ga leda. Yaranmu da ba su san giwa ba sai a talabijin, wannan kaɗai ya isa dalilin tafiya. Mu kuma abin da muke gani a Mole shi ne irin dajin da ayari ke ratsawa wata da watanni, da jakuna da mata da goyo, ana kwana ana hura wuta saboda kura da zaki. Lokacin da ya fi dacewa daga Disamba zuwa Maris ne, kafin ruwa ya sauka dabbobi su bazu.

Wata magana da za ku ji a bakin tsofaffin zango in hira ta yi nisa ita ce ta 1969. A watan Nuwamban shekarar gwamnatin Busiya ta ba duk baƙon da ba shi da takarda mako biyu ya bar ƙasar. Mutane suka sayar da gidaje da shaguna a wulaƙance. Yarabawan Ogbomosho da suka cika kasuwannin Tamale da sauran garuruwan arewa suna cikin waɗanda abin ya fi shafa, da Hausawan da wasunsu a can aka haifi iyayensu. A 1983 Najeriya ta yi irin nata, aka kori mutanen Gana kusan miliyan ɗaya, har jakar nan ta samu sunan da muke kiranta da shi ba tare da mun tuna daga ina ya fito ba. In kun je, a kama baki da sunan jakar.

Akwai gidaje a Sabo da kakanninsu daga Gwanja ko Kumasi suka zo nan, ba daga Kano kai tsaye ba, akwai kuma waɗanda 1969 ta dawo da su. Mun san a wasu akwatuna akwai wasiƙun ajami, da takardun bashin goro, da tsofaffin hotuna, asu na ci. Wanda yake da irin wannan, ko yake da tsoho ko tsohuwa da ke iya ƙirga zangunan hanya da baki, ya yi wa masu haɗa mujallar nan magana bayan sallar Juma'a. Za mu zo har gida da waya mu ɗauki hoto da murya, takardarku kuma ba za ta bar hannunku ba.